Dukiyar Iliyasu a Haɓar Zanen Gwaggo

Iliyasu taubashina ne, ɗan Gwaggo Shekara ƙanwar babana, don haka tun muna yara nake da ikon zaginsa, kuma ban taɓa wasa da wannan ikon ba. Bawana nake ce masa, ko mai kan tulu, shi kuma ya ce mini Basira mai bakin reza. Wannan tsakaninmu ne, gadonsa muka yi. Amma abin da mutanen Matameye suka yi ta faɗa a kansa shekara da shekaru ba wasa ba ne, kuma yawancin masu faɗar ba su taɓa yini guda da diga a hannu ba. Su nake so su ji wannan.

Ubansu, Baba Mahaman, ya rasu ya bar musu gona da garkar rake a fadamar da ke hanyar Kurni. Ya bar su a gandu ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, babban wansu Lawwali ke riƙe da gida. Iliyasu bai yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba. Ya dai iya haɗa baƙi ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, daga nan ya bi sawun samarin garinmu da ke tsallaka iyaka ci-rani da zarar an gama girbi. Ya yi ga-ruwa a Kano, ya yi yankan farce, ya tura baro a kasuwa. Daga baya wani ɗan kwangila ya zo neman majiya ƙarfi, aka ce masa ai mutanen Damagaram ba sa gajiya, aka kwashe su a bayan mota.

Aikin haƙa rami ne. Rami siriri mai zurfin ƙugu, a bi gefen titi da shi daga wannan gari zuwa wancan, a shimfiɗa bututu, a zura waya a ciki, a binne. Wayar ba irin ta lantarki ba ce. In an fere bayanta, abin da ke ciki zaren gilashi ne da bai fi gashin kai kauri ba, kuma ta cikinsa duk surutun da muke yi a talho, wato wayar hannu, yake wucewa, da wa'azi da hotunan biki da gulma. Rani bayan rani Iliyasu yana cikin ramin nan, daga Kano zuwa Zariya har Abuja. Tafin hannunsa ya koma kamar bayan tsohuwar ƙwarya, kuma tun bai kai arba'in ba in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe.

In babu haƙa, sai a sa su sauke kaya a sito. A nan ya saba da mai tsaron siton, wani Bakano mai suna Marwan, a nan kuma ya lura da abin da ya juya masa kai. 'Yan kwangila suna zuwa suna wucewa. Kamfanonin rezo, masu layukan waya, yau wannan ke sama, gobe wancan. Amma sunayen da ke jikin kwalaye ba sa canzawa: masu ƙera akwatunan ƙarfen nan masu ƙananan fitilu da ke rarraba rezo, da masu ƙera wani ɗan abu kamar ɗan yatsa da ake sokawa a akwatin, wanda ke mayar da magana haske ya tura ta cikin zaren.

Wata damina ya zo ya same ni ina matsar man gyaɗa, ya zauna a kan turmina ba sallama, ya ce, "Basira, masu rezo zakaru ne, kullum suna faɗa. Amma wanda ya ci da wanda ya sha kashi, duk wurin mutum ɗaya suke sayen akwatin nan da ɗan yatsan nan. Ni bayan mai sayar musu zan tsaya."

Na ce, "Kai da ko akuya ba ka da ita? Tashi mini a kan turmi, bawan banza."

Ya yi dariya, amma da gaske yake. Marwan ya nuna masa yadda ake sayen hannun jari a irin waɗannan kamfanoni ta cikin talho, ko da ɗan kaɗan ne, ya taimaka masa ya buɗe ajiya da layinsa na Najeriya. Kafin ya saka ko dala sai da ya je wurin Malam Yunus, limamin unguwarsu, ya tambaya ko halal ne. Malam ya yi masa tambayoyi a kan abin da mutanen ke ƙerawa da yadda ake cin riba da asara, sannan ya ce shi bai ga caca a ciki ba, ya fi kama da watanda, sai dai ita wannan saniyar ba a yanka ta. Iliyasu ya riƙe wannan maganar. Tun daga lokacin, abin da ya samo a rami, in ya cire na gida da na haraji, can yake turawa.

A garinmu kuwa dukiya aba ce da ake gani. Ɗan ci-rani in ya dawo, ana so a ji ƙarar sabon babur a ƙofar gida, ko a ga kwanon rufi yana walƙiya, ko a ga rago a turke. Iliyasu sai ya dawo da sabulu da turmin atamfa na Gwaggo da na matarsa Rashida, shi ke nan. Shekara ta farko aka ce bai samu ba. Ta biyu aka fara ƙus-ƙus. Daga nan bakuna suka buɗe: wai caca yake yi, wai ya ajiye mace a Sabon Gari, wai 'yan damfara sun shanye shi. Rashida ta sha habaici a gidajen biki har ta rage fita. Wata ta taɓa cewa a gabana, "Allah sarki, miji kullum a Najeriya, ɗaki ko kwano babu." Na tambaye ta nata mijin da ya sayo babur, ina babur ɗin yanzu, tun da kowa ya san a wurin bakanike yake kwana. Ba ta ƙara yi mini magana ba har yau, kuma ban yi asarar komai ba.

Akwai wata al'ada da Iliyasu ya ɗaukar wa kansa. In yana gida da damina, yakan bi motar kasuwa zuwa Ɗan Barto lokaci-lokaci, ba saye ba sayarwa. Bayan kasuwar akwai wani tudu inda rezon Najeriya ke tsallakowa. Sai ya hau, ya kira Marwan su gaisa, ya duba ajiyarsa, ya sauko. Na tambaye shi dalili, tun da mota ɗaya muke shiga in zan kai mai da ƙuli-ƙuli. Ya ce layin da aka bari wata da watanni ba a taɓa shi ba, masu shi sukan karɓe su sayar wa wani, kuma ajiyarsa da layin nan aka ɗaure ta. Duk lokacin da zai shiga, ta layin ake turo masa lambar buɗewa. In layin ya mutu, sai ya je can da kansa da takardu ya yi ta bin ofis-ofis, kuma ba tabbas.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce daga baya ya yi kuɗi, ya gina bene, masu zaginsa suka zo suna durƙusawa. Ba zan faɗa muku ko ya ci riba ko bai ci ba. Ba aljihunku ba ne, kuma ba abin da ya sa nake ganin girmansa ke nan ba.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo. Ba ci-rani, maza suka cika gari suna zaune a gindin bishiya. Man fetur da muka saba samu daga ƙetare ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, injin ban-ruwan garka kuwa ba ya jin lallashi. Rake ya fara nannaɗe ganye. Lawwali ya yanke shawara a sayi famfo mai aiki da hasken rana a huta da fetur gaba ɗaya. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: shawarar mai kyau ce, kuma Lawwali ba azzalumi ba ne. Shi ya fara sayar da bijiminsa. Ƙannensu suka kawo abin da suke da shi. Bai isa ba, sai duk ido ya koma kan Iliyasu.

Aka zauna a zauren gidan bayan la'asar, da dattawan dangi da babana. Ni ina daga ciki wurin Gwaggo, kuma zauren gidan nan ba ya riƙe magana.

Lawwali ya ce, "Shekara nawa kana ci daga rumbun nan, kai da iyalinka. Abin da ɗan gandu ya samo, gandu na da haƙƙi a ciki. Ka ce kana da dukiya cikin talho. To yau ranarta. Fito da ita."

Iliyasu ya ce, "Yaya, ba damina ɗaya da ban yi noma a gonar nan ba. Ban taɓa cin abin da ban yi wa gumi ba. Kuma yanzu ba lokacin sayarwa ba ne, farashi ya faɗi. Lokacin da kaya suka yi wuya, masu saye sun cika sitonsu don tsoro, yanzu na ajiya suke ci, shi ya sa masu ƙerawa ba sa ciniki. Sito kuwa ƙarewa yake. In na sayar yau, na sayar da wahalata a farashin dusa."

"Rake na mutuwa kana yi mana lissafin siton Turawa?"

"Rake ba zai mutu ba. A ba ni jigo. Zan ɗebi ruwa da hannuna, rabona da rabin na wani."

"Jigo! A wannan zamanin?"

"Na haƙa abin da ya fi rijiyar garkar nan zurfi in an haɗa. Ba zan sayar ba, Yaya."

A gidan nan ba a taɓa ce wa Lawwali a'a a gaban mutane ba. Dattawa suka yi ta kai gwauro suna kai mari, a ƙarshe suka yi abin da aka saba yi in 'yan'uwa suna jayayya a kan rago ko takardar gona: a kai abin wurin uwa ta riƙe, kada kowa ya taɓa sai an daidaita. Aka ce Iliyasu ya miƙa talhon ga Gwaggo. Ya yi musu bayanin layi, ya ce in ba a kai shi inda rezon Najeriya yake ba zai mutu. Wani dattijo ya ce, "Yaro, talho ba nama ba ne da zai ruɓe." Aka yi dariya. A ganinsu dabara ce kawai yake nema. Su a wurinsu, in ka riƙe igiya ka riƙe saniya.

Iliyasu ya shigo cikin gida, ya durƙusa, ya ajiye talhon a gaban uwarsa. Gwaggo ta ɗauka ta ƙulle shi a haɓar zanenta, inda take ƙulle goronta. Ita dama ba mai yawan magana ba ce a kan 'ya'yanta, balle Lawwali da yake ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce "mai gidan nan".

Abin dariya, abin haushi, Lawwali ya ɗauki amanar da muhimmanci iyakar saninsa. Duk bayan kwana biyu sai ya aiko da ɗan batirin gidan a yi wa talhon sharji, Gwaggo na zaune kusa da shi har ya cika, don kada a ce an bar kayan ƙaninsa da yunwa. Talho kullum a ƙoshe, layi kuwa yana mutuwa a ciki, ba mai gani.

Iliyasu ya kafa jigo a bakin tsohuwar rijiyar garka. Tun sanyin safiya yake fita, ya ja guga ya juye a kwalbati, ya ja ya juye, har rana ta take. Mutumin da bayansa ya riga ya lalace. Masu wucewa kan hanyar Kurni suna tsayawa kallo, wasu na cewa ga mai kamfani a Turai yana jan guga. Bai tanka wa kowa ba. Bai je ya roƙi Lawwali ba, bai aika a roƙa masa ba, kuma in sun haɗu yana gaishe shi yadda ya saba. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Raken da yake shayarwa ya farfaɗo, na can ƙarshen garka inda ruwan jigo ba ya kaiwa ya ci gaba da bushewa, kowa yana gani, kowa ya san wa ake zargi.

Ni abin ya ishe ni. Na same shi a bakin rijiya na ce, "Kai mai kan tulu, Gwaggo tana barcin rana kamar kowa. Kwance haɓar zane ba aiki ba ne. Ni zan kwance, in kai maka Ɗan Barto in dawo da shi kafin ta farka."

Ya saki igiya ya dube ni, ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya ce, "Ki sa hannu a zanen Inna? Basira, in kin yi haka wasan da ke tsakaninmu ya ƙare."

"To sayar da rabi mana, ka ba su, a zauna lafiya."

"In na ba da rabi bana, baɗi rabin rabi za a nema. Ke ba ki gane ba. Tun ina yaro wani ke nuna mini inda zan haƙa. Baba ya nuna, Yaya ya nuna, ɗan kwangila ya ja layi da farar ƙasa ya ce bi nan. Wannan ne abu ɗaya da na duba da idona na ce nan zan sa ƙarfina. Ko kuskure ne, nawa ne."

Na ce masa taurin kai zai kashe shi, na juya na tafi. A hanya na yi kuka, don haushi da tausayi suka haɗu mini, kuma na san gaskiya ya faɗa.

Da ya ga lokaci na ƙurewa, sai ya yi abin a fili. Da hantsi, matan gida na daka, Lawwali na alwalar walaha a bakin randa, ya zo ya durƙusa gaban Gwaggo ya ce, "Inna, ban zo karɓa ba. Na zo in faɗa miki ne don kada daga baya a ce ban faɗa ba. Abin da ke haɓar zanenki yana gab da mutuwa. In ya mutu, duk ranin da na yi a waje ya tafi, ba ni ba, ba gandu ba. Iyaka a rufe take, ba ni da hanyar zuwa in gyara."

Lawwali ya ajiye buta ya ce, "Maganinsa a bakinka yake. Ka ce ka yarda, yau ɗin nan ni zan kai ka Ɗan Barto da kaina."

"Ban yarda ba."

"To ku ji da kyau. Ranar da talhon nan ya fita ƙofar gidan nan ba da yardata ba, ranar za a raba tukunya."

Taɓarya ta tsaya a hannun mata. Rashida ta shige ɗaki. Gwaggo ta ci gaba da tsince wakenta kamar ba da ita ake ba.

Ranar kasuwar Ɗan Barto ina tasha da jarkokina, ana ɗaure kaya a saman mota, sai na ga tsohuwa tana tahowa a hankali da sandarta, ta yafa mayafinta na zuwa gaisuwa. Gwaggo ce. Matar da ta yi shekaru ba ta wuce masallacin unguwa ba. Ta ce, "Basira, kama mini wuri kusa da taga. Ki aika a kira mini wancan daga garka."

Iliyasu ya zo da gudu, laka har gwiwa. Ya ce, "Inna, kin ji fa abin da Yaya ya ce."

Ta ce, "Kunnena ƙalau. Ajiya aka ba ni. Tun da nake ban taɓa mayar wa mutum ajiyarsa matacciya ba, ba zan fara da tsufana ba. Shiga mota."

Ɗan Barto ta zama wani iri a lokacin. Manyan motoci jere a gefen hanya an lulluɓe su da tamfol, direbobi na kwance a ƙarƙashi, kasuwar rabin cikarta. Na bar jarkokina wurin wata ƙawata, muka kama Gwaggo ni da shi muka hau tudun, tana hutawa muna tsayawa. Da muka kai, ta zauna a kan dutse, ta kwance ƙullin, ta riƙe talhon da hannunta. Ta ce, "Ba a ce in ba ka ba. Latsa a nan."

Ya tsuguna a gabanta ya kunna. Ba komai. Ya ce ta ɗaga hannu sama, ta ɗaga. Ba komai. Muka matsa gaba kaɗan wajen wata ƙaya, na tallafe mata gwiwar hannu. Ina kallon fuskarsa, gumi na bin gemunsa, leɓensa na motsi. Ni ma duk addu'ar da na iya sai da na karanto. Can sai talhon ya yi ƙara, ya sake yi, saƙonni suka yi ta shigowa kamar an buɗe wa kaji akurki. Ya latsa lambar Marwan, muka ji tana shiga, muka ji muryar Bakano yana cewa, "Iliya! Kana raye?" Sai da na ce wa Iliyasu ya yi magana mana kada kuɗin su ƙare a banza.

Da suka gama gaisawa ya buɗe ajiyar. Ni ban iya karanta abin ba, amma na ga jan rubutu ya fi yawa.

Gwaggo ta ce, "Kuɗin naka suna nan?"

"Suna nan, Inna."

"Sun ƙaru?"

"Sun ragu. Sun fi yadda na bar su raguwa."

Ta ce, "In ka sayar yau, a nan inda muke, zai sayi famfon?"

Na so ya yi mata ƙarya. Wallahi na so. Da ya ce ba zai isa ba, da magana ta mutu, da mun koma gida da abin faɗa wa Lawwali. Amma ya ce, "Zai saya, Inna. Sai dai ba abin da zai rage."

"Za ka sayar?"

Ya sunkuyar da kai. Ya daɗe a haka, har na ɗauka ya karaya. Sannan ya ɗago ya dubi uwarsa, abin da ba ya yi, ya ce, "A'a."

Gwaggo ta dube shi tsawon lokaci. Ban san abin da ta gani ba. Ta kashe talhon da kanta, yadda ta ga ana yi, ta mayar haɓar zane ta ƙulle. Ta ce in je in sayar da maina, ita za ta jira a inuwa. Ranar ko rabin jarka ban sayar ba, hankalina ba ya wurin.

Mun iso gida rana ta yi sanyi. Tun daga bakin lungu muka ga mutane a ƙofar gida. Lawwali bai jira ba, kuma ban yi tsammanin zai jira ba, don shi ma ɗan Gwaggo ne. An buɗe rumbu, an fito da damman gero an kasa a tsakar gida, dattawan nan na tsaye suna shaida. An ware wa Iliyasu nasa kason a gefe, da tukunya ɗaya, da yankin garka na can ƙarshe inda raken ya bushe. Ba a zalunce shi ko zangarniya ba, abin da ya fi ciwo ke nan, don ba wanda za ka kama da laifi. Rashida na tsaye a bakin ɗakinta da goyo, idonta ya kumbura, amma da ta ga mijinta sai ta zo ta ɗauki tukunyar ta kai ɗaki ba tare da ta dubi kowa ba.

Lawwali bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna, sannu da hanya. Magana ta ƙare, ba sauran jayayya. Ki ba shi kayansa."

Gwaggo ta tsaya a tsakiyar gidan da aka kawo ta tana amarya, ta dubi kason nan, ta dubi wancan. Ta jingina sandarta a jikina, ta sa hannu biyu ta kwance ƙullin, a hankali, don yatsunta ba sa jin magana. Iliyasu ya durƙusa.

Ta ce, "Ga ajiyarka, da ranta." Ta sa masa a hannu, amma ba ta saki ba. "A kan wannan abin gidan ubanku ya rabu, kuma da ƙafata na taimaka. Ban san ko kana da gaskiya ba. Amma tun da ka ce a'a a gaban wanka, ka ce a'a a gabana, to ka riƙe. In na ji wata rana tsoro ya sa ka sayar, ko surutun mutane, ban yafe ba."

Sannan ta saki. Ta karɓi sandarta ta wuce ɗakinta, ta sauke labule, ba ta fito cin tuwo ba ranar, ba na wannan ɗa ba, ba na wancan ba.

Iliyasu ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi sai da ya dafa gwiwa. Ya sa talhon a aljihu, ya je ya sunkuya kan damin farko, ya kasa ɗagawa shi kaɗai. Mazan gidan duk suna tsaye, ba wanda ya san ko an yarda ya taimaka. Na ajiye jarkata na kama masa ɗaya gefen, muka ɗora masa a ka.